Hajiyarmu ta ce kar a sa hotonta a Facebook, ga kuɗin kimo ya ƙare

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙo biyu kawai na ɗauka saboda duk kan abu ɗaya suke, wato tara kuɗin jinyar mai kansa, kuma na farkon ya ci min fili sosai. Masu tambaya kan rikicin kishiya da na lefe ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA

Salam Anti barka da ƙoƙari, dan Allah ki ɓoye sunana. Nice babba a ɗakinmu mu shida ne muna zaune a Funtuwa. Wata huɗu kenan da aka tabbatar mana Hajiyarmu tana da kansar mama, tun farko ƙullutu ne ta ɓoye kusan shekara tana ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe don wai ance daji baya son allura, sai da wurin ya fara ruwa sannan ta faɗa min. Yanzu muna zuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya, likita yace kimo, wato maganin kansa da ake ƙarawa ta jijiya, sau shida sannan aiki sannan gashi, wato gasa wurin ciwon da na'ura, anyi mata biyu kuma wallahi Anti biyun nan sun cinye komai, na saida ɗan kunnena da keken ɗinkina, ƙanina ya saida babur ɗinsa, filin da Baba ya bar mana ma har an fara tayi. Ƙannena sunce kawai mu ɗauki bidiyonta mu sa a Facebook da TikTok a tara mana kamar yadda ake yiwa kowa, ita kuma tace gara ta mutu a ɗakinta da a nuna ta duniya tana bara, har kuka tayi tace ita da take ba wasu yau ita za a roƙarwa. Kawunmu kuma yace in za a tara to a akawun ɗinsa za a tara tunda shine babba, ni kuma gaskiya hankalina bai kwanta ba amma ba dama in faɗa. Saura kwana 12 ayi na uku kuma ko rabin kuɗin bamu da shi. Ya zamuyi?

Ƙanwarki daga Funtuwa

AMSA

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne, ku kuma Allah ya ba ku ladan jinya.

Maganar bidiyo ku ajiye ta. Ta ce a'a, to a'a ɗin ce, kuma kar wani cikin ƙannenki ya yi dabarar ɗauka tana barci ko ana ƙara mata ruwa, don na ga an yi haka kuma abin bai yi daɗi ba. Bidiyon da ya shiga TikTok ba ya dawowa, yau ku ne kuka sa, gobe wani shafi da ba ku sani ba ya ɗauka ya liƙa nasa akawun a ƙasa yana karɓar kuɗi da fuskar mahaifiyarku, bayan shekara biyu jikarta ta ci karo da shi a wayar ƙawarta. Kuma mai shan kimo tana buƙatar ƙwarin zuciya kamar yadda take buƙatar abinci, in kuka karya mata zuciya da abin da take gani tonon asiri ne za ta iya cewa ta fasa maganin gaba ɗaya, matar da ta iya ɓoye ƙullutu shekara guda ai kin san za ta iya.

Amma ki zauna da ita ke kaɗai, ba a gaban yara ba, ki tambaye ta: Hajiya shekara nawa kika yi kina kai gudummawa? Biki nawa, suna nawa, rasuwa nawa kika kai hatsi ko kika ɗaura kuɗi a bakin zani kika je? Duk macen da ta kai shekarunta a gari irin Funtuwa tana da bikin da ta zuba a gidaje ba adadi, kuma duk wadda aka kai wa ta san akwai ranar ramawa. In ƙawarta ta aurar da 'ya an yi mata karo-karo ba wanda ya kira shi bara, to don me na jinya zai zama bara. Da wannan bakin za ki shigo mata, ki ce mutanenta za a faɗa wa, waɗanda in suka ji daga baya cewa an saida fili ba a sanar da su ba sai sun yi fushi. In kuma ta kawo maganar addini, akwai hadisin Ƙabisa a Sahihu Muslim inda Annabi (SAW) ya ce roƙo bai halatta ba sai ga mutum uku, cikinsu akwai wanda masifa ta afka wa dukiyarsa da wanda talauci ya kama har mutum uku masu hankali cikin mutanensa suka shaida. Ki lura da wannan na mutum ukun, zan dawo kansa.

Yanzu kwana 12 ɗin nan. Kimo yawanci duk bayan sati uku ake yi kuma an tsara tazarar ne da dalili, in aka riƙa tsallakewa saboda ba kuɗi ciwon yana samun sararin farfaɗowa, kuɗin biyun da kuka kashe ya zama kamar an zuba ruwa a rariya. Don haka kuɗin na ukun daban za ki nema da gaggawa a wurin mutum biyar zuwa goma da kika san suna da hali kuma suna jin nauyin Hajiya, ki kira su a waya ko ki taka ki je, kar ki tura saƙon nan na kowa da kowa. Ki faɗi adadi, ki faɗi rana. Mutum in ka ce masa a taimaka da abin da ya sawwaƙa dubu biyu zai turo ya ce Allah ya ba da lafiya, in ka ce masa ranar Talata za a yi mata na uku kuma kaza ya rage, sai ya san inda zai sa hannu. In kuma har ranar ta matso bai cika ba ki gaya wa likitan gaskiya tun kafin ranar, kar ku ƙi zuwa kawai ku yi shiru.

Ranar da za ku koma Shika ki yi abu biyu. Ki roƙi likita ya rubuta miki kiyasin abin da ya rage gaba ɗaya a takardar asibiti mai hatimi, kimo huɗu, aiki, gashi, da maganin da zai biyo baya. Sannan ki tambayi ofishin walwalar marasa lafiya, wato soshiyal walfiya, ki ce kina so a sa Hajiya a asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya. An fara shi a 2021, kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza yake ɗauka, kuma Shika tana cikin asibitoci shida da aka fara da su tare da Asibitin Ƙasa na Abuja da na Gombe da Ibadan da Benin da Enugu, yanzu hukumar bincike da maganin kansa ta ƙasa, wato NICRAT, ce ke kula da shi. Akwai tantancewa kuma ba ya ɗauke komai, amma ko kimo ɗaya ya ɗauke muku ai an rage. Akwai kuma shirin rangwamen magungunan kimo da aka ƙaddamar a 2019 a wasu asibitocin koyarwa har da Shika da na Malam Aminu Kano, ki tambaya a famasin asibitin ko maganin Hajiya yana ciki kafin ki fita waje saye. Mutane da yawa ba su tambaya saboda ba su san akwai ba, su kuma ma'aikata aiki ya musu yawa ba kowa za su bi suna faɗa wa ba. Gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu ma a kan kansa take aiki, ki rubuta musu da takardun, ba a rasa komai da rubutawa.

Abin da ya sa na nace kan takardar kiyasi shi ne kuskuren da kusan kowa ke yi, har da mu lokacin jinyar goggona Allah ya jiƙanta. Muka yi gayya guda, kuɗi suka shigo kamar ruwan Agusta sati biyu, muka ɗauka an gama, wata uku bayan nan asusu ya bushe kuma kunya ta hana mu komawa wurin mutanen da suka riga suka bayar. Kansa ba irin aikin afendis ba ne da za a biya sau ɗaya a sallame ku. Kafin kowane kimo sai an yi gwajin jini, in jinin ya yi ƙasa sai an ƙara ko an yi allurar ɗaga shi, ga maganin amai, ga kuɗin mota ku biyu zuwa da dawowa, ga abinci mai gina jiki da dole a canza mata. Gashi kuma kullum ake yi Litinin zuwa Juma'a har sati uku zuwa biyar ko fiye, ku kun ma yi sa'a Shika a kan hanyarku take, wasu sai sun kama ɗaki a garin da ba su san kowa ba, kuma na'urorin gashi a ƙasar nan kaɗan ne, in layi ya yi tsawo ana iya tura mutum Abuja ko Sakkwato ko sabuwar cibiyar da aka buɗe a Katsina a 2025. Bayan duk wannan, ya danganta da abin da gwajin tsokar ya nuna, wata za a ɗora ta kan ƙwaya irin Tamoxifen shekara biyar, wannan da sauƙi, wata kuma allurar Herceptin ce duk sati uku har shekara guda, wannan ita ce mai karya gida. Ki tambayi likita tun yanzu wanne ne na Hajiya.

To tunda tafiyar doguwa ce, karo-karon ma na wata-wata za ku yi. Ki buɗe guruf a WhatsApp na dangi zalla, ɓangaren uwa da na uba da surukai, a sa takardar likita a ciki, kowa ya faɗi abin da zai iya bayarwa duk wata har wata takwas ko goma, ko dubu ɗaya ce a rubuta. Mutum 40 in kowa ya ɗauki dubu 5 kin ga dubu 200 kenan duk wata, kuma wanda ya yi alkawari da bakinsa a gaban dangi ya fi jin kunyar fashi. Wanda ba shi da kuɗi ya ɗauki wani abu, mai mota ya ɗauki kai ta asibiti, samarin gidan su je a gwada jininsu su zama masu bayarwa in an buƙata, wata ta ɗauki girki ranar da kuka dawo daga kimo. Daga dangi sai matan Islamiyyarsu da 'yan adashinta, a nan ma ana iya roƙon uwar adashi ta ba ta ɗauka yanzu. Sai limamin masallacin unguwa, shi yana iya sanarwa bayan sallah cewa wata baiwar Allah a unguwar nan tana jinya ba tare da ya kama suna ba, waɗanda suka sani sun sani. Sai abokan kasuwar marigayi Babanku, waɗannan kar ki raina su, sau da yawa su ne ke ba da mai kauri kuma ba sa so a ji. Ke da ƙannenki kowa yana da guruf na 'yan ajinsu, a nan ma a sa.

Ki kuma tuna da zakka. Mara lafiyar da magani ya fi ƙarfinta tana shiga cikin mabuƙata, ku da kuka ci bashi saboda jinya kuna cikin masu bashi da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata. Akwai attajiran da ke ware zakkarsu suna neman inda ya dace, musamman daga Rajab zuwa azumi da kuma Muharram, limami ya fi ki sanin su.

Sai Kawu. Ba za ki ce masa ba ki yarda da shi ba, wannan faɗan ba za ki ci shi ba kuma Hajiya ce za ta sha baƙin cikin. Ki ba shi girma ki riƙe lissafi. Ki ce Kawu masu bayarwa sun fi sakin jiki in kwamiti ne, kai ne shugaba, sai a sa liman ko wani dattijo da kowa ya yarda da shi a matsayin shaida, ni kuma tunda ni ke zuwa asibiti ni zan riƙe rasit. Ga mutum ukun hadisin nan sun cika. Akawun kuma sabo za a buɗe da sunan Hajiya, ba na Kawu ba ba naki ba, don ko mutumin kirki ne in kuɗin jinya suka haɗu da na cefane a wuri ɗaya sai an samu na aro zan mayar, kuma daga nan zumunci ke lalacewa. In ya ce don me, ki ce mutane in suka ga sunan da ke takardar asibiti ya yi daidai da na akawun sun fi yarda, kuma gaskiya ce ba dabara ba. Ki tabbata an haɗa shi da BVN da NIN an ɗaga shi zuwa mataki na uku, don ƙaramin akawun irin wanda ake buɗewa a waya da OPay ko PalmPay ko Moniepoint a matakin farko ba ya riƙe sama da naira dubu 300, na biyu dubu 500, sai wani ya turo kuɗi mai yawa ya ƙi shiga ko ya maƙale ana cikin buƙata. Duk Juma'a ki sa hoton abin da ya shigo da abin da ya fita da rasit a guruf, ko ba wanda ya tambaya, musamman ma in ba wanda ya tambaya. Wanda ya ce shi asibiti zai biya kai tsaye ko zai sayo maganin da kansa ku ce masa bismillah, ku ba shi lambar fayil.

In duk an yi wannan bai isa ba sannan a fita intanet, shi ma da izininta kuma ba fuska ba ƙirji. Hoton takardar asibiti da kiyasin ya isa, a rufe adireshi, a sa lambar mutum ɗaya cikin kwamiti, a rubuta akawun ɗin a jikin hoton ta yadda ba za a yanke shi cikin sauƙi ba. Ku nemi mutum ɗaya ko biyu da jama'a suka sani da wannan aikin su zo su gani da idonsu su sa a shafinsu, amma ku yi magana a fili tun farko ko akwai kason da suke cirewa. Kar ku yarda da hoton alat, sai kun duba balas, kuma duk wanda ya kira ya ce shi daga wata gidauniya yake ku turo kuɗin fom ko ku karanto masa lambar da ta shigo wayarku ɓarawo ne. GoFundMe da yara ke ta faɗa ba a cire kuɗinsa da akawun ɗin Najeriya, sai kuna da amintacce a Ingila ko Amurka ko Kanada da zai buɗe ya karɓa ya turo, in babu ku manta da shi.

Kuma ki shirya, ranar da labari ya fita masu magani za su yi sallama, wannan ya ce yana da na daji sadidan kwana bakwai, wancan ya ce kar a yarda a yanka. Kuɗin jama'a na asibiti ne, ko sisi kar ya tafi can, addu'a da tofi kuwa a yi ta yi ba sa hana kimo. Filin nan ku dakata da shi tukuna, gadon mutum shida ne har da ƙanana, kuma mai saye in ya ji jinya ce rabin kuɗi zai taya. In ya zama dole a sayar to a bari sai lokacin aiki ko gashi da ake buƙatar kuɗi a dunƙule. Ke kuma da ƙannenki mata ku je a duba ku, ku gaya wa likita mahaifiyarku tana da shi.

TAMBAYA

Anti ina wuni. Ni aka ba riƙon kuɗin da muka tara ma aminina da yayi fama da kansar hanta, abokai da 'yan kasuwarmu da wasu da bamu ma sani ba suka turo. Allah ya masa rasuwa wata biyu da suka wuce, saura naira dubu 640 a hannuna. Yayyensa sunce gado ne a kawo a raba, matarsa tana da yara huɗu bata ce komai ba, sannan akwai bashin dubu 180 na mai kemis da muka riƙa karɓar magani a wurinsa. Ni dai tsoro nake kar in ci haƙƙin wani.

Ɗan'uwanki daga Azare

AMSA

Allah ya jiƙansa ya raya abin da ya bari, kai kuma Allah ya saka maka, ba kowa ne zai riƙe dubu 640 wata biyu yana tambaya ba. Mai kemis ka biya shi yau, wannan kuɗin magani ne kuma don magani aka tara, ka karɓi rasit. Saura dubu 460.

Su kuma hukuncinsu yana bin niyyar masu bayarwa. Wanda ya ba marigayin kyauta ko zakka ya mallaka masa, nasa ya zama dukiyar mamaci ya shiga gado, kuma in cikin yaran nan huɗu akwai namiji to yayyen ba su da kaso a gadon ma sam, na matar ne da 'ya'yan da iyayensa in suna raye. Wanda kuma ya bayar don a yi magani kawai, kai wakilinsa ne, ragowar ba ta zama gado ba sai an koma masa. Hanya mafi sauƙi ka rubuta a duk inda kuka yi sanarwar farko cewa ga abin da aka tara, ga abin da aka kashe, ga ragowa, muna neman izini a ba marayunsa, wanda bai amince ba ya yi magana cikin sati biyu a mayar masa da kasonsa. Da wuya ka samu mai cewa a dawo masa. Kafin ka miƙa ka ɗauki sitatimen na banki da littafin lissafinka ka je wurin malamin da ya san rabon gado ko alƙalin kotun shari'a na garinku tare da ɗaya cikin yayyen, a faɗa a gabansa a rubuta a sa hannu, don kar ka zama kai ne ka hana su. In aka tsaya kan marayun, kar ka damƙa kuɗin a tsakar gida ranar da dangi suka taru, ka sa a akawun ɗin matar ko ka biya kuɗin makarantar yaran kai tsaye ka kawo mata rasit.